Marubucin da bai san kwamfuta ba, da adabin da ya haifar

A shekarar 1981, Vernor Vinge, malamin lissafi da kimiyyar kwamfuta a wata jami'a da ke San Diego ta ƙasar Amurka, ya fitar da labari mai suna True Names, inda mutane ke shiga wata duniya ta cikin na'ura suna ɓoye sunayensu na gaskiya. Bayan shekara uku, William Gibson ya fitar da Neuromancer. Gibson adabin Ingilishi ya karanta a Kanada, kuma da tafireta ƙirar Hermes 2000 ya buga littafin, domin a lokacin ko kwamfuta bai mallaka ba. Vinge ya riga shi, ya kuma fi shi sanin yadda na'urar ke aiki. Duk da haka littafin Gibson ne ya lashe kyaututtukan Hugo da Nebula da Philip K. Dick, shi ne kuma ake kira ginshiƙin cyberpunk har gobe. Abin da ya raba su shi ne salon rubutu.

Sunan kansa ya fito ne daga wani gajeren labari na Bruce Bethke da mujallar Amazing Stories ta buga a 1983, kafin edita Gardner Dozois ya yayata shi. Waɗanda aka laƙaba wa sunan matasa ne da suka gaji da ƙagaggun labaran kimiyya na iyayen gidansu, masu cike da jiragen sararin samaniya da jarumai marasa aibi. Zamanin Reagan ne, kamfanonin Japan na cin kasuwa, kwamfuta ta fara shiga gidaje. Sai suka koma kan ɓarayi da 'yan ƙwaya da 'yan ga-ruwan manyan kamfanoni. Daga Austin ta jihar Texas, Bruce Sterling ya riƙa raba wata 'yar takarda mai suna Cheap Truth yana caccakar tsofaffin marubuta, sannan a 1986 ya tattara labaran abokan tafiyarsa a kundin Mirrorshades.

Dabarar Gibson ita ce ƙin yin bayani. Yakan jefa mai karatu tsakiyar unguwar Chiba ta Japan, ya cika masa kunne da sunayen kamfanoni da sara irin na 'yan titi, ya bar shi ya lalubi ma'ana kamar baƙon da ya sauka tasha da dare. Jimlar farko ta littafin ta aro launin sama daga akwatin talabijin. A da, marubuci kan kwatanta na'ura da halittar Allah don a gane ta. Gibson ya juya abin, domin mutanensa sun fi sabawa da allon talabijin a kan gajimare. Hasashensa kuwa ya sha kuskure. Babu wayar salula a Neuromancer, jarumin yana wuce jerin wayoyin kan titi a Santambul, kuma hajar da yake fafutukar sayarwa a farkon labarin megabayit uku ce kacal. Littafin bai mutu ba saboda abin da ya kama shi ne yadda mutum ke ji idan bayanai suka yi masa yawa, wannan kuwa bai tsufa ba.

Sterling aikin jarida ya karanta, kuma alƙalaminsa bai ɓoye hakan ba. A Schismatrix na 1985 da Islands in the Net na 1988, hankalinsa na kan tsari: wa ke riƙe da kuɗi, wace ƙungiya ke hamayya da wace, ina doka ta tsaya. Jimlolinsa a bushe suke, cike da ra'ayoyi da ba'a, kuma yakan haɗiye shekaru goma a sakin layi guda. Ya fi Gibson tunanin siyasa, amma wanda ya karanta shi ya fi tuna hujjarsa a kan hotunansa.

Pat Cadigan, mace ɗaya tilo a kundin Mirrorshades, ta mayar da akalar cikin ƙwaƙwalwa. Synners na 1991 yana tsalle tsakanin muryoyi masu yawa, a Fools na 1992 kuwa har siffar haruffan bugu takan canja idan wata ɗabi'a ta karɓe jikin mai ba da labari. Littattafan biyu sun ci kyautar Arthur C. Clarke. A wurinta ruɗanin mai karatu shi ne darasin, domin tambayarta ita ce wane ne kai idan ana iya saye da sayar da abin da kake tunawa.

Da Neal Stephenson ya fitar da Snow Crash a 1992, kayan adon cyberpunk sun zama gama-gari, sai ya mai da su abin dariya. Jaruminsa mai kai wa mutane fiza ne a ƙarƙashin 'yan Mafiya, labarin na gudu kamar talla, sannan ya tsaya cak ya shafe shafuka yana lacca kan harshen Sumeriyawa. Abin da Gibson ya ɓoye, Stephenson ya shimfiɗa shi dalla-dalla, shi ya sa injiniyoyi suka rungume shi kamar zanen gini. A cikinsa kalmar metaverse ta fara fitowa, kuma a watan Oktoba na 2021 kamfanin Facebook ya koma Meta.

A nan ne salon ya ci amanar masu shi. Gargaɗi suka rubuta game da duniyar da kamfanoni suka fi gwamnati ƙarfi, talaka kuma ba shi da abin sayarwa sai jikinsa da hankalinsa. Amma sun ƙawata ta da fitilu da ruwan sama da baƙin tabarau har masu kuɗi suka yi sha'awar gina ta. Fim ɗin The Matrix na 1999 da wasan Cyberpunk 2077 na 2020 sun gaji fitilun cikin sauƙi. Abin da ya gagari kwaikwayo shi ne jimlar da ke sa mai karatu ya ji shi baƙo ne a zamaninsa, kuma saboda ita ake komawa ga littafin da aka buga da tafireta.