Seleniyam

Seleniyam sinadari ne mai alamar Se da lamba 34 a jadawalin sinadarai. Masanin kimiyya ɗan Suwidin, Jöns Jacob Berzelius, shi ya gano shi a 1817. Jikin ɗan Adam na buƙatarsa kaɗan ƙwarai, amma ba ya iya samar da shi, sai daga abinci.

A jiki, seleniyam na shiga cikin wasu nau'o'in furotin kusan 25. Tayirod, gaɓar da ke gaban wuya, ita ta fi kowace gaɓa tara shi idan aka kwatanta da nauyinta. Da sinadarin aidin take haɗa homon ɗin T4, sannan furotin masu seleniyam su cire ƙwayar aidin guda su mayar da shi T3, wanda ke daidaita ɗumin jiki, bugun zuciya da sarrafa abinci. Wasu furotin ɗin kuma suna kare tayirod daga lahanin sinadaran da ke fitowa yayin haɗa homon. Inda rashin aidin ya haɗu da rashin seleniyam, cutar tayirod takan tsananta.

Ana samun seleniyam a kifi, hanta, ƙoda, ƙwai da gyaɗar Brazil. Yawansa a hatsi ya danganta da ƙasar noma. A ma'aunin Amurka, baligi na buƙatar maikurogiram 55 a rana, iyakarsa 400. Ƙarancin seleniyam na da hannu wajen haddasa cutar zuciya ta Keshan a Sin. Wuce kima kuwa na kawo zubewar gashi, karyewar farce da warin tafarnuwa a numfashi.