Idan Yaron Hukuma Ya Rasu, Wa Ake Tambaya?

Da sunayen yaran da suka rasu ake koyar da tarihin aikin kare yara a Ingila. Haka aka koya mana, haka nake koya wa sababbin ma'aikatan da ake turo mini: Dennis O'Neill, Maria Colwell, Jasmine Beckford, Victoria Climbié, Peter Connelly. Da wuya ka sami wata doka da muke aiki da ita, ko wani fom da muke cikewa, wanda ba rasuwar yaro ce ta haifar da shi ba. Na daɗe ina wannan aiki a ƙaramar hukuma, kuma abin da na gani shi ne ƙasar ta ƙware wajen kafa kwamitin bincike, amma har yau tana jin nauyin ɗora laifi a inda laifin yake.

Dennis yana da shekara 12 lokacin da ya rasu, ranar 9 ga Janairun 1945, a wata gona a yankin Shropshire. Kotu ce ta karɓe shi daga iyayensa ta damƙa wa ƙaramar hukumar Newport, ita kuma ta ba da shi riƙo ga wani manomi, Reginald Gough, da matarsa. Duka da yunwa suka kashe shi. An ɗaure manomin shekara shida, matar wata shida. Sai dai binciken da Walter Monckton ya yi ya tono abin da ɗaurin bai taɓa ba. Newport da Shropshire sun ɓata lokaci suna musayar takardu kan wanda zai sa ido a kan yaron. Ma'aikaciyar da aka tura gonar ba ta da horo kan aikin, duk da haka ta ga abin da bai kwanta mata ba ta kuma faɗa, ba a motsa da wuri ba.

Daga nan rahoton kwamitin Myra Curtis ya fito a 1946, sai Dokar Yara ta 1948. A ganina wannan doka ta fi yawancin waɗanda suka biyo bayanta fahimtar matsalar. Ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta naɗa jami'in yara guda ɗaya, mai suna, mai ofis, wanda idan wani abu ya sami yaron riƙo an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. A 1971 aka narkar da waɗannan ofisoshi cikin manyan sassan walwalar jama'a masu kula da tsofaffi da naƙasassu da kowa da kowa. An sami girma, an rasa wanda za a kama.

Shekara biyu bayan haka Maria Colwell ta rasu a Brighton tana da shekara bakwai. Ta yi shekaru a hannun gwaggonta cikin kwanciyar hankali, kotu ta mayar da ita wurin mahaifiyarta a ƙarƙashin sa idon hukuma, mijin uwar ya kashe ta da duka. Maƙwabta da malamanta sun yi ta kai ƙara kafin nan. A zaman binciken, jama'a suka yi wa ma'aikaciyar da ke riƙe da fayil ɗinta ihu, har sai da 'yan sanda suka riƙa yi mata rakiya. Rahoton 1974 ya ce tsarin ne gaba ɗaya ya gaza, kowane ofis na riƙe da guntun labari ba wanda ya haɗa su. Amma fuskar da aka tuna ta wannan mata ce. Tun daga ranar aikinmu ya shiga wani hali da bai fita ba: takarda ta ce tsari, jarida ta nemi fuska.

Jasmine Beckford 'yar shekara huɗu ce, kuma a shari'ance a hannun ƙaramar hukumar Brent take lokacin da mijin uwarta ya kashe ta a 1984. A watanni goma na ƙarshen rayuwarta sau ɗaya ma'aikaciyar ta sa ta a ido. Wannan ba abin karewa ba ne, kuma ba na cikin masu cewa kada a taɓa ƙaramin ma'aikaci. Wanda ya je gida bai nemi ganin yaro ba ya ci amana. Bayan shekara uku kuma aka koma ɗaya gefen, a Cleveland aka raba yara 121 da iyayensu cikin 'yan watanni bisa zargin lalata, daga baya aka mayar da mafi yawansu. Dokar Yara ta 1989, wadda har yau ita ce ginshiƙin aikinmu, tsakanin waɗannan tsoro biyu aka rubuta ta.

Na Victoria Climbié ne ya fi tsaya mini, domin farkon labarinta ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi a gidajenmu. A Abobo, wata unguwar Abijan a Kwaddibuwa, iyayenta suka ba gwaggon mahaifinta riƙonta don ta yi karatu a Turai. Wane ne a cikinmu bai san gidan da aka yi haka da kyakkyawar niyya ba? Ta bi ta Faransa ta iso Landan a 1999, ta rasu ranar 25 ga Fabrairun 2000 tana da shekara takwas, da raunuka 128 a jikinta. Kafin nan asibitoci biyu sun kwantar da ita, 'yan sanda sun san da ita, ƙananan hukumomi da dama sun buɗe mata fayil. Faransanci take ji, amma ba a taɓa zaunar da ita da tafinta an tambaye ta yadda take ba. Wasu ma da suka ga tana miƙewa tsaye cikin firgici a gaban gwaggon, sun ɗauka tarbiyyar Afirka ce. Wannan zato ya taimaka wajen kashe ta, kuma duk lokacin da na ji ma'aikaci ya ce “al'adarsu ce” sai na tsayar da shi.

Lord Laming, wanda ya binciki rasuwarta, ya fitar da rahotonsa a 2003 da shawarwari 108, ya kuma faɗi ƙarara cewa babban laifin na shugabanni ne, ba na ƙananan da aka bari da tulin fayil ba tare da mai duba aikinsu ba. To me ya faru? An kori ƙaramar ma'aikaciyar Haringey, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin da suka buɗe wa Victoria fayil. Shugaban ma'aikatan hukumar na lokacin, Gurbux Singh, ya riga ya wuce ya zama shugaban hukumar daidaita launin fata ta ƙasa. Laifi tudu ne, kowane babba da ya zo gaban kwamitin ya taka nasa ya hango na ƙasa da shi. Abin kirki ɗaya da ya fito shi ne Dokar 2004 ta dawo da tunanin 1948, ta ce dole kowace hukuma ta sami daraktan harkokin yara.

A wannan Haringey ɗin Peter Connelly ya rasu a Agustan 2007, yana da wata 17, bayan ma'aikatan lafiya da na walwala da 'yan sanda sun gan shi kusan sau 60. A karon nan hukunci ya hau sama, amma ta hanyar da ba ta dace ba. Minista Ed Balls ya sanar da tsige darakta Sharon Shoesmith a gaban 'yan jarida a Disambar 2008 ba tare da an saurare ta ba, a 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta ce korar ta saɓa wa doka. Mu da ke bakin aiki mun ga sakamakon. Tsoro ya shiga, aka yi ta kai ƙararraki kotu don karɓar yara. Yaran da ke hannun hukuma a Ingila sun tashi daga kusan 60,000 zuwa sama da 80,000. Rahoton Eileen Munro na 2011 ya faɗi abin da muka daɗe da sani, cewa cike fom ya cinye lokacin zama da yaro.

Akwai kuma yaran da ba sa shiga jarida, waɗanda hukuma ce kaɗai uwa da uba gare su, ba wani mugun mijin uwa da za a nuna. Matasan da aka ajiye a ɗakunan haya ba mai kula da su, abin da sai a 2021 aka haramta ga 'yan ƙasa da shekara 16. Waɗanda suka cika 18 aka sallame su suka rasu bayan ɗan lokaci, sai a ƙarshen 2023 aka fara neman ƙananan hukumomi su sanar da gwamnati irin wannan rasuwa. Idan mai riƙon ne zai rubuta rahoton yadda yaro ya rasu, kuma ba dangin da za su tsaya a kotu, gaskiya kan daɗe a cikin fayil.

Ga misali: a 1977 an tsinci gawar wani yaro a banɗakin gidan renon Shirley Oaks, mallakar ƙaramar hukumar Lambeth. Kafin rasuwarsa ya yi zargin cewa mai kula da gidan ya yi lalata da shi. Hukumar ba ta gaya wa mai binciken musabbabin mutuwa wannan ba. Sai a Yulin 2021 kwamitin Alexis Jay ya bayyana haka a rahotonsa, tare da cewa tsofaffin mazauna gidajen Lambeth 705 sun kai ƙorafin lalata, kuma babban ma'aikaci ɗaya tak hukumar ta taɓa ladabtarwa. Kwamitin ya nemi 'yan sandan Landan su duba ko akwai dalilin buɗe binciken laifi kan abin da aka ɓoye, shekara 44 bayan an binne yaron.