Ƙyale-ƙyale

ƙyale-ƙyale (suna, namiji). 1. Kayan ado masu ɗaukar ido: gwal, leshi, motar yayi. 2. *Ƙyale-ƙyalen duniya*: dukiya, sarauta da suna waɗanda ba sa ɗorewa. A koyarwar Kirista, Luka sura 12 ta kawo misalin mai arzikin da ya ƙudura faɗaɗa rumbunansa, amma ya mutu a wannan daren. 'Yan Katolika, kamar masu ibada a cocin Saint-Michel na unguwar Adjamé, suna karɓar toka a goshi ranar Larabar Toka don tunawa da mutuwa. 'Yan kasuwar unguwannin Adjamé da Treichville sun ɗanɗana rashin ɗorewar dukiya a Janairun 1994, da aka rage darajar sefa da rabi. Misali: *Ƙyale-ƙyale ya cinye jarinsa.* Duba: alatu.