Sunayen Duwatsun Arewacin Kamaru da Yadda Aka Rubuta Su

Dutse ba ya ƙaura, amma sunansa yakan sāke kama a hannun masu rubutu. Garin da Hausawa ke kira Garwa, Jamusawa da suka ci shi a 1901 sun rubuta shi Garua. Da ya fita hannunsu a watan Yuni 1915, Faransawa suka mai da shi Garoua, gama a rubutunsu sai an haɗa o da u kafin a sami muryar u. Dutsen Fali da ke arewa da garin kuwa suka rubuta shi Tinguelin. Wannan u ba a faɗinta. An sa ta ne don kada a karanta g kamar j.

Ngaundere ya fi duka daɗin bincike. Sunan na harshen Mbum ne: ngaw dutse, ndere cibiya, saboda wani dunƙulallen dutse da ke zaune bisa tudun kamar cibiya. Fulani sun ci garin wajen 1835, suka kafa lamido, amma ba su taɓa sunan ba. Faransawa suka rubuta Ngaoundéré, suka kuma ƙara wa tudun kalmarsu ta dutse, ya zama Mont Ngaoundéré, wato dutsen dutsen cibiya. Ba su kaɗai suka yi wannan ba. A Ingila akwai wani tudu, Pendle Hill, wanda sunansa kalmomi uku ne na zamani uku, kowace kuwa tudu take nufi. Baƙo yakan ji kalmar masu ƙasa, ya ɗauka suna ce, ya ɗora tasa a kai.

Inda Fulani suka raɗa suna, taswira tana cewa Hosséré, wato hoosere, dutse da Fulatanci, kamar Hosséré Vokré kusa da Poli.

Duwatsun Alantika, a kan iyakar Nijeriya, sun fi shan wahala. Barth, Bajamushen da ake kira Abdul Karim, ya hango su a 1851 sa'ad da ya haye Binuwai zuwa Yola, ya rubuta Alantika. Daga baya waɗansu taswirori suka cusa t, ya koma Atlantika, sai ka ce dangin tekun Atlantika ne, alhali babu abin da ya gama su. Ana fassara sunan da cewa wurin da Allah bai kai ba tukuna. Da jin wannan an san bakin maƙwabta ne, ba na Koma mazaunan duwatsun ba.