Hular Soja a Damargu: Yadda Muka Koyi Gane Shekarunta

Masu neman tsofaffin hulunan soja a Damargu ba mu da yawa, kuma babu wanda ya koyi aikin a makaranta. Daga Tanut zuwa Tenhiya da Belbeji, abin da ya fara zuwa hannunmu daga akwatunan ƙarfe na tsofaffin sojan Faransa ya fito, waɗanda ake ce wa ansiyan. A cikin akwati ɗaya sai ka tarar da lambobin yabo, da bel, da ɗan littafin aikin soja da ya sha hannu, da hula a naɗe cikin tsohon zane. Tambayar da muke yi wa kowace hula ba ta sake ba har yau: ta wace runduna ce, kuma ta wane zamani?

Da farko baki ne ke ba da amsa. Masu hulunan na raye, suna zama gindin bishiya kusa da ofishin da suke karɓar fansho, kana iya durƙusawa ka gaishe su ka ce, "Baba, wannan a ina aka ba ka ita?" Daga gare su muka ji abin da ya zama tushen sana'ar, wato hular bere baƙuwa ce a nan, ba ta kai tsufan da ake ba ta ba. Sojojin da suka bi ta Damargu a 1899 tare da Faransawa Furo da Lami, a hanyarsu daga Abzin zuwa Damagaram, babu bere a kansu. Baƙaƙen sojan Faransa, rundunar tirayer da aka kafa a Senegal a 1857, jar dara suka sani, ita suka sa lokacin da Kaosan ya kewaye Agadas daga ƙarshen 1916 zuwa Maris na 1917, da ita kuma suka je yaƙe-yaƙen Turai. Sojan raƙumi da gumiye, waɗanda yankinmu ya fi sani, rawani suke naɗawa, domin ulu ba ya tare ƙura daga hanci. Saboda haka duk wanda ya miƙo maka bere ya ce ta zamanin Kaosan ce, ko bai sani ba, ko yana son kuɗinka.

Ita kanta bere ta makiyayan duwatsun kudancin Faransa ce. Sojan dutse na Faransa suka fara sa ta wajen 1890, masu tankokin Ingila suka ɗauki baƙa a 1924, sojan laima na Ingila suka ɗauki ja mai duhu a 1942. Sai bayan yaƙin Hitila dara ta soma ja baya, bere ta iso kan ƴaƴanmu da aka kai Indocin da Aljeriya. Mafi tsufan abin da mutum zai samu a gidajen Damargu ke nan, shekarun 1950.

Zamani na biyu ya zo da yunwa da kuma baƙi. Farin 1973 da na 1984 sun fitar da kaya daga ɗakuna waɗanda da ba a taɓa tunanin sayar da su ba. A daidai lokacin ne Turawa masu yawon buɗe ido ke ratsa hamada da motoci, suna saukowa daga Agadas su bi ta Tanut zuwa Damagaram. Ƴan koli da ke sayar musu da takubba da zobban azurfa suka lura akwai masu tambayar kayan soja. Nan ɓarna ta shigo, kuma har yau abin na ci mini rai. Sai a cire alama daga wannan hula a liƙa wa waccan don ta fi kyan gani, a jefar da littafin mai ita tunda Bature bai tambaya ba, a ƙara wa labari shekara talatin. Tsofaffin kuma suna ta rasuwa. Da baki ya ƙare, dole muka koma ga hular kanta, muka koyi juya cikinta waje.

Abin da ake fara dubawa shi ne ɓangaren da alama take. Faransa na sa alama a dama, hula ta zubo hagu, in ban da kwamandojin ruwansu da suka gaji tsarin Ingila tun lokacin yaƙi. Ingila na sa alama bisa idon hagu, hula ta zubo dama. Ƙasashen da kowaccensu ta horar galibi sun bi sahunta. Wannan ya fi yi mana amfani fiye da masu tara kaya na Turai, domin iyakar Najeriya ba ta da nisa, kuma kayan gwanjo daga Kano da Katsina sun daɗe suna hawowa kasuwar Dole ta Damagaram, daga can su bazu kasuwannin ƙauye. Ko an cire alamar, ramukan allura da wurin da aka ƙarfafa ulun daga ciki suna nan.

Sai lambar girma. Faransawa da santimita suke aunawa, ka ga 56 ko 57 ko 58. Ingilishi da nasu awon, 7 ko 7 da kwata. Bakin hula na faɗin nasa: fata ta gaske ta fi yawa a tsofaffi, a zafin ƙasarmu takan bushe ta tsattsage ta yi baƙi da gumi, leda kuwa ta baya ce, tana ɓarewa fale-fale. Wasu na Faransa na bayan yaƙi ɗinka su aka yi daga ƙyalle uku, kana iya bin ɗinkin da yatsa, na baya kuma saƙa ɗaya ce da aka matse ta zama kamar bargo. Idan tambarin masaƙa ya tsira, an huta. Sunan Laulhère na garin Oloron, ko Blancq-Olibet na Nay, ya nuna kudancin Faransa. Kangol ya nuna Ingila, kuma na lokacin yaƙi sukan zo da shekara a buge tare da alamar kibiya ta gwamnati. Idan ka ga doguwar lamba mai alƙaluma 13, ta tsarin NATO ce. 14 a wuri na biyar da na shida Faransa ce, 99 Ingila. Matsalar ita ce sojoji da yawa suna yanke shafin ciki, su jiƙa hular su matse ta don ta kwanta a kai, tambarin ya tafi tare da shafin.

Bayan alamar ƙarfe ya fi gabanta magana. Kamfanin Drago na Paris, wanda ya buga alamomi masu ɗimbin yawa, yakan rubuta adireshinsa a baya, kuma ya yi ƙaura sau da dama: titin Béranger da farko, sai Olivier Métra, sai Romainville, daga baya ya fita birnin zuwa Noisiel. Wanda ya haddace wannan jeri zai iya sa alama cikin zamaninta ko da babu shekara. Akwai kuma Arthus-Bertrand da wasu. Anka ta jirgin ruwa ita ce alamar rundunar da ta riƙe ƙasashenmu, wadda ake kira sojan mulkin mallaka har 1958, ta koma sojan ƙetare, sannan sojan marin daga 1961. Amma shekarun alama ba su ne shekarun hula ba, kuma a nan ne ranar Damargu ta zama mai ba mu shaida. Rana na cinye launin ulu ta bar wurin da ƙarfe ya rufe da duhunsa. Ka ɗaga alamar a hankali: idan inuwar da ke ƙasa ta yi daidai da siffarta, sun daɗe tare, idan inuwar zagaye ce alamar kuma anka, an yi musu auren dole a kasuwa. Wannan dabarar ba daga littafin Turawa muka samo ta ba, kuma na fi amincewa da ita fiye da kowane tambari, domin ana iya ɗinka tambari amma ba a iya ɗinka shekara ashirin na rana.

Abin mamaki, hulunan sojanmu na ƙasa sun fi na Faransa wuyar sa wa shekara. An kafa rundunar sojan Nijar ranar 1 ga Agusta 1961, shekara guda bayan samun mulkin kai, kuma kayanta na farko daga rumbun Faransa suka fito, don haka hular 1959 da ta 1963 na iya zama iri ɗaya sak in ba alama. Daga baya aka riƙa sayowa daga wurare daban-daban. Rundunoni ma sun sake suna: Gardin Jamhuriya ta shiga cikin rundunar FNIS, a 2010 aka koma Gardin Ƙasa. Shuɗiyar hular Majalisar Ɗinkin Duniya ta fi sauƙi, tunda an san inda aka tura dakarunmu, kamar Kodebuwa da kuma Mali daga 2013, kuma masu ita na raye.

Tawayen shekarun 1990 da na 2007 sun datse hanyar baƙi, kasuwar ta mutu, sai wayar hannu ta tashe ta da wata fuska. Yanzu hoto ɗaya ta WhatsApp na kai hula gaban mai saye a Liyon ko Landan, kuma tun da maganar tirayer ta sake tashi a Faransa, da fim ɗin Indigènes na 2006 da gyaran fanshon da aka daskarar tun 1959, masu nema sun ƙaru. Jabu ma ta ƙaru. Ana kawo sababbi masu arha, a birkiɗa su cikin ƙasa, a shanya bisa rufi. Zare ɗaya ya isa a gane: ka ƙona shi, ulu na warin gashi ya zama toka, na roba na narkewa ya dunƙule. Ga kuma halin tsaro. Kayan da jami'ai ke sawa a yau ba abin ajiyar farar hula ba ne, kuma duk mai hankali a cikinmu ya tsaya ga tsofaffi, yana kuma riƙe da shaidar inda ya same su.

Abin da nake roƙon iyalai idan sun kira ni bai wuce ɗaya ba: kada a raba hula da littafin mai ita. A cikinsa akwai lambar soja, da shekarar da aka ɗauke shi, da rundunarsa, da tashoshin jirgin ruwan da ya bi. Da shi ana sa wa hula shekara cikin minti biyar, ba tare da shi ba sai a yi ta kintace. Idan akwai tsohuwar da ta ga mijinta ya dawo da ita, a zauna da ita a rubuta abin da ta tuna, da sunan garin da ya ce ya je, ko da ta faɗe shi a karkace. Sannan a kakkaɓe hular, kada a wanke ta, kada a goge alamar da toka, a naɗe ta cikin farin ƙyalle da busasshen ganyen dogon yaro saboda asu, a ɗora akwatin bisa duwatsu saboda gara.