Me ya sa aka tsananta wa Yahudawa a lokacin annobar Baƙar Mutuwa?

A watan Oktoba na 1347 jiragen ruwan fatake suka tsaya a Messina, a tsibirin Sisili, ɗauke da cutar da daga baya aka yi wa laƙabi da Baƙar Mutuwa. Mutum zai kwana da zazzaɓi, kaluluwa ta fito masa a hammata ko matsematsi, kafin mako ya zagayo an binne shi. Zuwa 1351 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai. A cikin waɗannan shekaru ne aka hallaka al'umman Yahudawa a garuruwa da yawa na Sifen, Faransa, Suwizalan da Jamus. Waɗanda suka yi wannan aika-aika mutane ne masu baftisma, shi ya sa muke ɗaukar labarin a matsayin wani sashe na tarihin Ikilisiya.

Dalili na farko rashin sani ne. Ba wanda ya san cewa ƙuman jikin ɓeraye ne ke yaɗa cutar. Sai a 1894 Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong. Likitocin jami'ar Paris sun ɗora laifin a kan haɗuwar taurari da gurɓatar iska. Talaka kuwa wanda ya binne 'ya'yansa yana neman wanda zai kama da hannu, sai jita-jita ta ba shi: wai Yahudawa ne ke zuba guba a rijiyoyi. Zargin ba sabo ba ne, don a 1321 an yi wa kutare irinsa a Faransa, aka ƙone su. A watan Satumba na 1348 aka azabtar da wasu Yahudawa a gidan sarautar Chillon, a ƙasar Savoy, har suka amsa laifin da ba su yi ba. Aka rubuta "shaidar", aka aika wa wasu birane.

Amma tsoro kaɗai bai bayyana dalilin da ya sa yatsa ya nuna Yahudawa ba. An daɗe ana share filin, kuma daga bagaden wa'azi aka share shi. Ɗaruruwan shekaru ana koya wa jama'a cewa kowane Bayahude yana ɗauke da alhakin gicciye Yesu, ana jingina da Matiyu 27:25, ana tsallake Ayyukan Manzanni 4:27 inda aka lissafta Hirudus da Bilatus da al'ummai tare da mutanen Isra'ila, da Romawa 11 inda Bulus ya ce Allah bai ƙi jama'arsa ba. Tun daga 1144, a Norwich ta Ingila, ƙaryar cewa suna kashe yaran Kirista ta fara yawo. A 1215 babban taron Ikilisiya na Lateran ya umarta su sa tufafin da za su bambanta su da sauran mutane. Wanda aka riga aka ware shi haka, ba wuya a gaskata kowane mugun abu a kansa.

Sai maganar kuɗi, wadda a ganinmu ita ce ta fi tona asirin lamarin. Ikilisiya ta hana Kirista ba da bashi da ruwa, an kuma rufe wa Yahudawa yawancin sana'o'i, don haka wasunsu suka zama masu ba da rance. A Strasbourg shugabannin birni sun ƙi ba da su. Sai ƙungiyoyin masu sana'a, mahauta a gaba, suka haɗa kai da wasu manyan gari suka tuɓe shugabannin. Ranar 14 ga Fabrairu 1349 aka ƙone ɗaruruwan Yahudawa, aka soke bashin da suke bi, aka raba dukiyarsu. A lokacin annobar ba ta ma shigo birnin sosai ba. Marubutan tarihin birnin na wancan zamani da kansu sun rubuta cewa dukiyar ce ta jawo musu kisan. A Nuremberg kuma sarki Charles na Huɗu ya ba da izinin rushe unguwarsu tun kafin a kashe su a Disamba 1349. A inda majami'arsu take aka gina coci.

Mu da muke zaune a yankin Birnin Gwari ba sai an yi mana dogon bayani a kan yadda wannan ke faruwa ba. Shekarun da 'yan bindiga suka yi a dajin Kamuku sun bar mana gawawwaki da gonakin da ba a noma, kuma masu laifin na gaske ne. Duk da haka mun ga yadda fushi ke tsallake mai laifi ya sauka kan makiyayin da ya zo cin kasuwa, don kawai yarensu ɗaya, wani lokaci kuma shanunsa su ɓace a cikin hayaniyar. Kubawar Shari'a 24:16 da Ezekiyel 18 sun hana a hukunta wani saboda laifin wani, Fitowa 23:1-2 kuma ta hana yaɗa labarin ƙarya da bin taro zuwa mugunta. Waɗannan ayoyi suna nan a hannun Ikilisiyar 1349.

Akwai waɗanda suka tsaya. Paparoma Clement na Shida, daga Avignon, ya fitar da wasiƙu biyu a 1348 yana hana kisan. Hujjarsa mai sauƙi ce: Yahudawa ma suna mutuwa da cutar, tana kuma kashe mutane a ƙasashen da babu Bayahude. Ingila misali ce, don ta kori Yahudawanta tun 1290, annobar ba ta ƙyale ta ba. Wannan ya kuma isa ya sa mu yi hattara da zancen da ake yawan maimaitawa cewa tsabta ta kare su daga cutar har aka zarge su. Babu ƙwaƙƙwarar shaida a kan haka. Maganar Paparoma ta yi aiki a Avignon, amma ba ta hana kisan Basel a Janairu 1349 ba, ko na Mainz da Cologne a Agusta. Da yawa daga waɗanda suka tsira sun nufi gabas, zuwa Poland ta sarki Casimir na Uku.