Wa ya rushe Soba?

Mai sauraro, in kana Mayo ba ka da nisa da kufan Soba, can gabashin Shuɗin Nilu. Ƙila ka sha jin 'yan Sudan na cewa "kharab Soba" in abu ya lalace ƙurmus.

Soba ce babban birnin daular Alwa ta Nubawa, wadda sarkinta ya karɓi Kiristanci wajen shekara ta 580. A ƙarni na 10 Ibn Sulaim al-Aswani ya ba da labarinta: manyan gidaje, lambuna, majami'u masu zinariya, har da unguwar Musulmi.

Abin da aka saba faɗa mana shi ne, Larabawa makiyaya na Abdullahi Jamma'a da Funj na Amara Dunƙas ne suka gama da ita, aka kafa Sinnar a 1504. Haka ma ake ɗora faɗuwar Rum ta yamma a 476 kan ƙabilun Jamus. Ni dai ban gamsu ba, ɗan'uwa. Masu tonon kufai sun gano birnin ya fara tsukewa ƙarnuka kafin nan. Su kuwa makiyayan ba dare ɗaya suka dira ba. Sannu a hankali suka gangaro daga arewa da raƙumansu, suna neman ciyawa, suna auratayya da 'yan ƙasa, har ƙauye ya daina jin tsoron fada. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga, amma kai ma ka san wa ake fara nuna wa yatsa.

Sauran jan tubalin Soba kuma, a ƙarni na 19 aka kwashe shi a jiragen ruwa aka gina Khartum.